Kujerar da ba ta raba kwangila: da me mai ƙuri'a yake auna ɗan takara?

Wani ƙanena, malamin sakandare a Tudun Wada, ya aiko mini da tambaya bayan ya ji labarin zaɓen shugaban ƙasar Ailan na Oktoban 2025 a rediyo. Ya ce: "Yaya, an ce shugaban nasu ba shi ke zaɓar ministoci ba, ba ya taɓa kasafin kuɗi, ko fita ƙasar ba ya yi sai gwamnati ta amince. To saboda me mutum zai bar sana'arsa ya je ya bi layi? In ma ya shiga rumfa, da me zai gane wannan ya fi wancan, tunda babu mai iya yi masa alkawarin ko rijiyar burtsatse?"

Ƙanena, shekara da shekaru ina koyar da siyasar ƙasashe a Samaru, kuma da wuya zango ya wuce wani ɗalibi bai yi mini irin wannan tambayar ba. Kafin mu tafi Turai, bari mu fara daga zauren gidanku.

Ka tuna lokacin da za a aurar da ƙanwarka. Wanda ya ba da auren a masallaci ba shi ya yi kayan ɗaki ba, ba shi ya kai gara ba, ba kuma shi zai zauna da ma'auratan ba. Aikinsa na 'yan mintuna ne. Duk da haka sai da manya suka yi shawara a kan wane baffan ne zai tsaya. Abin da suka duba shi ne wanda in ya miƙe a gaban jama'a, dangin ango za su san daga gidan mutunci yarinyar ta fito. Akwai kuma abu na biyu da ba a cika faɗa a fili ba, amma kowa ya san da shi: in wata rana zama ya yi tsami, yarinya ta yi yaji, wurin wa za a zo biko, maganar wa ɓangarorin biyu za su ji? Wanda ya gane yadda ake zaɓar waliyyi ya gane fiye da rabin yadda ake zaɓar irin waɗannan shugabannin.

Gidajen rediyo sukan kira muƙamin "je-ka-na-yi-ka", ni kuwa sunan bai kwanta mini ba. Je-ka-na-yi-ka shi ne wanda wani ya ɗora yake juya shi. Shugaban Ailan kuwa jama'a ne suke zaɓarsa kai tsaye, wa'adin shekara 7, sau biyu iyaka, kuma firayim minista ba shi da ikon tsige shi. Ya fi dacewa a ce kujerar girma: darajarta mai yawa, ikonta na yau da kullum kaɗan. Haka take a Ostiriya da Aislan, inda su ma jama'a ke zaɓa. A Jamus da Indiya akwai kujerar, sai dai wakilai ne suke zaɓa, talaka ba ya dangwalawa.

Abu na farko da ke faruwa a irin wannan zaɓen shi ne jam'iyya takan sassauta riƙon da ta yi wa mai ƙuri'a. A 1980 wasu masana biyu Jamusawa, Karlheinz Reif da Hermann Schmitt, sun yi nazarin zaɓen Majalisar Turai na farko, na 1979, suka ce akwai zaɓe mai daraja ta biyu, wato wanda mutane suke ganin ba shi zai yanke wanda zai mulke su ba. Suka nuna cewa a irinsa fitowar jama'a takan ragu, jam'iyya mai mulki takan sha kashi, ƙananan 'yan takara kuma sukan samu abin da ba sa samu a babban zaɓe. Dalilin a fili yake. Mu nan mun san kiran "sak", daga sama har ƙasa. Mutum yakan yi sak ne don tsoron kada ƙuri'arsa ta ba abokan hamayya gwamnati, ko don kada unguwarsu ta rasa rabonta. In aka cire wannan tsoron, sai ka ga ya saki jiki ya zaɓi wanda zuciyarsa ta kwanta da shi. A zagayen farko na zaɓen Ostiriya a Afrilun 2016, 'yan takarar manyan jam'iyyun nan biyu da suka riƙe ƙasar tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu kowannensu kusan kashi 11 cikin 100 kawai ya samu, ko zagaye na biyu ba su kai ba.

Batun ƙarancin fitowa kuwa ba doka ba ce. A Ailan a 2018 kusan kashi 44 ne suka fito, alhali zaɓen majalisarsu yakan kai kusan kashi 60 ko fiye. Amma a Aislan a 2024 kusan kashi 80 suka fito. Mutane sukan fito in suna ganin takarar ta yi zafi, ko kuma ana gardama a kan su wane ne su.

Inda na fi so ka tsaya shi ne batun hali, don nan ne zuciyar amsar take.

A zaɓen gwamna, ma'aunin mai ƙuri'a faranti biyu ne. A ɗaya akwai halin mutum, a ɗaya akwai abin da zai iya yi: titi, taki, albashi, ɗaukar aiki. Shi ya sa za ka ji mutum a majalisar mai shayi yana cewa, "Na san ba shi da gaskiya, amma ai ya yi mana hanya." Aiki yana rufe aibi. A kujerar girma farantin aikin babu komai a cikinsa, saboda haka duk nauyin yana kan hali. Ƙarya guda ɗaya da gwamna zai tsallake cikin mako guda tana iya kayar da ɗan takarar wannan kujerar.

Dubi abin da ya faru a Ailan a 1990. Brian Lenihan, mataimakin firayim minista kuma ɗan jam'iyyar Fianna Fáil, wadda har lokacin ba ta taɓa faɗuwa zaɓen shugaban ƙasa ba, shi kowa ya ɗauka zai ci. Ana cikin yaƙin neman zaɓe sai aka tayar da wata tsohuwar magana ta Janairun 1982: wai yana cikin waɗanda suka buga waya fadar shugaban ƙasa na lokacin, Patrick Hillery, don a matsa masa ya ƙi rusa majalisa. Lenihan ya musanta a talabijin. Sai ga faifan wata hira da ya yi da wani ɗalibi mai bincike, inda da bakinsa ya ce ya buga. Aka sauke shi daga minista ana saura 'yan kwanaki zaɓe. Ana cikin haka wani minista ɗan jam'iyyarsu, Pádraig Flynn, ya shiga rediyo ya taɓa mutuncin abokiyar takararsa Mary Robinson a matsayinta na uwa da matar aure. Mata da yawa, har da na gidajen Fianna Fáil, suka fusata. Duk da haka Lenihan ne ya zo na ɗaya a ƙirgar farko, da kusan kashi 44, ita kuma kusan 39. Amma a tsarinsu mai ƙuri'a yana jera 'yan takara ne, na ɗaya, na biyu, na uku. Da aka fitar da na ukun, Austin Currie, aka raba ƙuri'unsa bisa zaɓi na biyu, mafi yawansu suka koma wa Robinson, ta zama mace ta farko da ta hau kujerar. Ka lura da irin laifin da ya kayar da Lenihan. Ba a ce ya ci kuɗi ba. An zarge shi da neman tanƙwara kujerar da yake nema, sannan maganarsa ta zama biyu. Mai neman zama waliyyi ne aka kama da baki biyu.

A 2011 ma an maimaita. Seán Gallagher, ɗan kasuwa mai zaman kansa, yana gaba da rata mai yawa a ƙididdigar jin ra'ayi. Saura kwana 3 zaɓe, a muhawarar talabijin, aka tambaye shi game da wani cakin kuɗi da aka ce ya karɓo wa Fianna Fáil, ya yi ta inda-inda. Daga baya ta tabbata cewa wani saƙon Twitter da aka karanta a shirin na bogi ne, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, Michael D. Higgins ya ci. Wannan ya nuna maka raunin abin: inda hali ne kaɗai jari, sharri na dare ɗaya yana iya yin ɓarnar da ba za a gyara ba kafin a buɗe akwati.

Bayan hali, mutane sukan tambayi kansu wace fuska suke so duniya ta gani. A 1980 mutanen Aislan suka zaɓi Vigdís Finnbogadóttir, shugabar gidan wasan kwaikwayo, wadda aurenta ya mutu take renon 'yarta ita kaɗai. Da kusan kashi 34 ta ci, ta zama mace ta farko a duniya da jama'a suka zaɓa shugabar ƙasa kai tsaye, ta yi shekara 16. A 1997 mutanen Ailan suka zaɓi Mary McAleese, haifaffiyar Belfast a Arewacin Ailan, yankin da mazaunansa ba su da ƙuri'a a zaɓen ma. Ana tsakiyar neman sulhu a lokacin, aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a 1998, kuma ita ce ta karɓi Sarauniyar Ingila a Mayun 2011, ziyarar farko da mai sarautar Birtaniya ya kai tun da ƙasar ta samu 'yanci. Babu wata doka da McAleese ta kafa. Amma tsayuwarta kusa da Sarauniya a wurin tunawa da waɗanda suka mutu suna yaƙar mulkin Ingila ta yi aikin da dokoki da yawa ba za su yi ba. Wanda ya zaɓe ta a 1997, irin wannan ranar ya zaɓa, ko da bai san za ta zo ba.

Ba zan ɓoye maka ɗaya gefen ba, domin yana damuna. 'Yancin da ke sa mutum ya zaɓi na kirki shi ne kuma yake sa ya huce haushinsa ba tare da tunanin abin da zai biyo baya ba. A 2018 wani ɗan takara a Ailan, Peter Casey, yana can ƙasa ba wanda ya damu da shi, sai ya soki wata ƙaramar al'umma ta masu yawo da ake kira Travellers, waɗanda dama an daɗe ana ƙyamarsu. Cikin kwanaki kaɗan ya tashi ya ƙare da kusan kashi 23, ya zo na biyu. Da yawa daga masu zaɓarsa sun san ba zai ci ba, saƙo suke aikawa, amma a kan bayan marasa ƙarfi aka rubuta saƙon. A zaɓen 2025 da ka ji, Catherine Connolly, mai zaman kanta da jam'iyyun adawa suka mara wa baya, ta ci da kusan kashi 63, amma ƙuri'un da aka lalata sun haura 200,000, mafi yawansu da gangan, don mutane sun ji an taƙaita musu zaɓi. A can ba ka shiga takara sai 'yan majalisa 20 ko ƙananan hukumomi 4 sun tsaya maka, sunaye 3 kacal suka fito a takardar, ɗaya ma ya janye tun kafin ranar.

Yanzu ga maganar biko, wadda masu cewa zaɓen banza ne suke mantawa da ita.

Kusan kowace kujerar girma tana da wani iko da aka ajiye don ranar da abubuwa suka rikice. Shugaban Ailan yana iya miƙa doka ga Kotun Ƙoli kafin ya sa hannu, yana kuma iya ƙin rusa majalisa in firayim ministan da ya nema ya riga ya rasa rinjaye. A Aislan, tun da aka kafa jamhuriya a 1944 tsarin mulki ya ba shugaba damar ƙin sa hannu a doka, a miƙa wa jama'a su yanke. Shekara 60 ba wanda ya taɓa amfani da damar, har wasu suka ɗauka ta mutu. A 2004 Ólafur Ragnar Grímsson ya ƙi sa hannu a dokar kafofin watsa labarai, gwamnati ta janye ta. Bayan bankunan ƙasar sun durƙushe a 2008, majalisa ta amince a biya Birtaniya da Holan bashin Icesave, wato kuɗin da mutanensu suka ajiye a wani bankin Aislan, daga aljihun talakawa. Ya sake ƙi a 2010, aka yi ƙuri'ar raba gardama, sama da kashi 90 suka ce ba su yarda ba. A 2011 ya ƙara ƙi, jama'a suka ƙara goya masa baya. Tun daga nan ba wanda zai gaya wa ɗan Aislan cewa kujerar ado ce. A 2024 firayim ministarsu, Katrín Jakobsdóttir, ta ajiye muƙaminta ta nemi kujerar, suka ba 'yar kasuwa Halla Tómasdóttir. Ɗaya daga cikin dalilan da aka yi ta faɗa shi ne ba sa son wadda ta fito daga cikin gwamnati jiya ta zama mai tsawata wa gwamnati yau.

Ostiriya ma haka. Zagaye na biyu na Mayun 2016 tsakanin Alexander Van der Bellen da Norbert Hofer na jam'iyyar masu ƙyamar baƙi ya ƙare da ratar ƙuri'a kusan 31,000. Kotun tsarin mulki ta soke shi saboda kurakurai wajen ƙirga ƙuri'un da aka aiko ta gidan waya, aka sake a ranar 4 ga Disamba, Van der Bellen ya ci da kusan kashi 54. Abin da ya tayar da hankalin mutane da yawa shi ne Hofer ya nuna a fili cewa zai yi amfani da ikon da ke rubuce, wanda ya haɗa da sallamar gwamnati. Ba a yi shekara 3 ba, a Mayun 2019, wani faifan bidiyo da aka ɗauka a tsibirin Ibiza ya rusa gwamnatin haɗaka, majalisa ta tsige shugaban gwamnati. Van der Bellen ne ya riƙe ƙasar a waɗannan kwanakin, ya naɗa alƙaliya Brigitte Bierlein ta jagoranci gwamnatin riƙo har aka yi zaɓe. Jamusawa kuwa tsoron irin wannan ranar ne ya sa suka ƙi ba jama'a zaɓen kujerar. Hindenburg, wanda jama'a suka zaɓa a 1925 da 1932, shi ya naɗa Hitler a Janairun 1933. Da suka rubuta tsarin mulkin 1949 sai suka rage ikon kujerar, suka mayar da zaɓenta hannun wakilai.

Mu ma mun ɗanɗana, kodayake ba a cika koya wa yara ba. Daga 1 ga Oktoban 1963 Dakta Nnamdi Azikiwe shugaban ƙasa ne na girma, a kujerar da tsarin mulki ya ba majalisa zaɓenta, mulki yana hannun Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. A Arewa ma Sir Kashim Ibrahim ne gwamna, Sardauna ne firimiya mai gudanar da aiki. Bayan zaɓen 30 ga Disamban 1964, wanda ƙawancen jam'iyyu na UPGA, abokin hamayyar ɓangaren Ɓalewa, ya ƙaurace wa a wurare da dama, Azikiwe ya ƙi kiran Ɓalewa ya kafa gwamnati. Kwanaki ƙasar tana rataye, sai da manyan alƙalai, ciki har da Alƙalin Alƙalai Sir Adetokunbo Ademola, suka shiga tsakani kafin ya kira shi a ranar 4 ga Janairun 1965. Matsalar ita ce Azikiwe uban jam'iyyar NCNC ne, ita kuwa tana cikin UPGA, saboda haka rabin ƙasar ba su ɗauke shi mai raba faɗa ba. Baffan da ya riga ya ɗauki ɓangare, ranar biko maganarsa ba ta da nauyi.

Kada ka ɗauka wannan ma'aunin baƙo ne ga Bazazzagi. Tun ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran, tsarin mulkin 1999 kuma bai rubuta wa sarakuna wani aiki ba. Amma ka tuna kwanakin da suka biyo bayan rasuwar Mai Martaba Alhaji Shehu Idris, Allah ya jiƙansa, a ranar 20 ga Satumban 2020, har zuwa 7 ga Oktoba da aka sanar da Mai Martaba Ahmed Nuhu Bamalli. Talaka ba shi da ƙuri'a, magana tana hannun masu zaɓen sarki da gwamna. Duk da haka daga Kwarbai zuwa Sabon Gari, daga Kongo zuwa Samaru, babu majalisar da ba ta da ra'ayi. Ka tuna abin da ake faɗa. Ana maganar gida, Mallawa ko Barebari ko Katsinawa ko Sulluɓawa. Ana maganar haƙuri, ilimi, iya zama da jama'a, da wanda zai iya shiga tsakani in fitina ta tashi. Ni dai ban ji wanda ya tambayi titi nawa wane zai yi ba. Mutanen da ake cewa taliya da sabulu kaɗai suka sani, su ne suka zauna suna auna mutum da ma'aunin mutunci tsantsa, saboda kujerar ba ta raba kwangila.

Shin in aka kawo irin wannan zaɓen Najeriya haka za a yi? Ina ganin kuɗi zai ragu, don mai zuba jari a siyasa ba ya zubawa inda ba zai mayar ba. Amma ina jin tsoron abin da zai cike gurbin. Zaɓen da tambayarsa ita ce "wa ya yi kama da mu" yana da daɗi a ƙasa irin Aislan, mai mutane ƙasa da 400,000 masu harshe ɗaya. A ƙasar da kalmar "mu" take nufin abu daban a Zariya, daban a Zonkwa, daban a Onica, zai iya komawa ƙidayar ƙabila da addini zalla, ba tare da ko batun taki da zai haɗa manomin nan da na can ba. Indiya kuwa, mai yawan harsuna da addinai, ta bar zaɓen ne wa wakilan majalisun tarayya da na jihohi, ta haka aka samu Droupadi Murmu a 2022, ta farko daga ƙabilun da aka daɗe da bari a baya.

Maganar ba ta yi mana nisa ba. A Fabrairun 2024 'yan Majalisar Wakilai kusan 60 suka gabatar da ƙudurin komawa tsarin firayim minista, wanda zai dawo da shugaban ƙasa na girma. In ka ji an sake tayar da ita, ka sa ɗalibanka su nemi amsar abu biyu a cikin daftarin: wa zai zaɓi shugaban, kuma me aka rubuta ƙarara zai yi ranar da aka yi zaɓe ɓangare ɗaya ya ce bai yarda ba, kamar yadda aka yi a Disamban 1964.